Lissafin Mai Wanki da Guga

A bencin tasha, wata mata tana ta soke lissafi a takarda, wani dattijo mai ƙullin kaya yana leƙe.

"Baiwar Allah, takardar nan ta yi miki laifi ne?"

"Baba, jarrabawar shiga digiri na biyu ce, sau biyu tana kayar da ni. Wai ɗalibai kashi saba'in cikin ɗari suna karanta lissafi, hamsin Turanci, goma ba ko ɗaya. Nawa ke karanta duka biyun? Saba'in da hamsin ai sun wuce ɗari!"

"Ni mai wanki da guga ne. Ɗauka riga ɗari aka kawo min, goma a yage, ban taɓa su ba. Saura nawa?"

"Casa'in."

"Na wanke saba'in, na goge hamsin."

"Ɗari da ashirin ke nan, alhali casa'in ne... Tsaya! Akwai waɗanda ka ƙirga sau biyu. Talatin sun sha wanki, sun sha guga!"

Ta duba amsar a bayan littafin da ke cinyarta, ta miƙe tsaye.

"Talatin ne wallahi! Baba, a ina ka yi karatu?"

"Bakin famfo, 'yata. Da tun bara kin kawo min wanki, da yanzu kina aji."