Bututun da ya faɗo kan matashi

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Maman Nafisa ce daga Zangon Wagadugu.

'Yata ba ta ji sosai, likita ya sa mata 'yan bututu a kunnuwa, ya ce mu riƙa kawo ta yana dubawa. Ta warke, har tana gane ƙarar moton babanta tun daga bakin layi. Ranar da bututu ɗaya ya faɗo kan matashi, kakarta ta ce, "Ciwon ne ya fito. Wa ke kai mai lafiya asibiti?" Aka hana ni mayar da ita.

Yanzu kunnuwan na zubar da mugunya, likita ya ce mun makara. Jiya babanta ya shigo da moto har tsakar gida, ba ta waiwayo ba.

Iyayen da suka taɓa gani, don Allah, jin yana dawowa?