Kwamfuta Ta Cinye Mana Rigakafi

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Hajara daga wata ruga a ƙasar Doguwa, kuma raina a ɓace yake.

Na goya ɗana har ƙaramin asibitinmu don allurar ƙyanda. Malamin asibiti ya ce, "Sai haƙuri baiwar Allah, allura ta lalace." Ashe kwamfuta aka kawo, wai don adana sunayen yara. Da manya suka zo kallonta daga Kano, sai aka zare wayar firjin allura aka jona mata, aka manta.

Yanzu ƙyanda ta shigo rugarmu. Sunan ɗana yana cikin kwamfuta lafiya lau, shi kuwa ga shi kwance jiki zafi rau. Jama'a, don Allah ku tambayar mini su: sunan suke so ya rayu, ko yaron?