Jan-baki da Sashe na Huɗu

Jawabin Malam Mamuda Jatau, wakilin manoman shinkafa, wurin zaman jin ra'ayin jama'a kan daftarin dokar hana sayarwa da kunna kayan wasan wuta, Talata Mafara.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wanga zama. Masu girma kansiloli na Talata Mafara da Bakura da Maradun. Uwayen ƙasa da hakimai, Allah shi ja zamaninku. Malamai da limamai, Allah shi gafarta muku. Jami'an tsaro da 'yan sintiri. Shugabannin kasuwa da sarakunan fawa. Iyayenmu mata da ke zaune ƙarƙashin rumfar baya. Matasan da sunka cika tagogi don kujeru sun ƙare. Jama'a duka, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna muna wagga rana. Ina godiya ga masu girma kansiloli da ba su rufe ƙofa sun zartar da doka ba, sai sunka ce a zo a ji ta bakin talakawa tukuna. Ina kuma godiya ga manoman shinkafa na ƙasashen nan ukku da sunka ce ni zan yi magana da yawunsu, alhali akwai waɗanda sunka fi ni shekaru, da waɗanda sunka fi ni baki.

Sunana Mamuda Jatau. Daga ƙasar Maradun nike, gefen Tsibiri, kuma shekarata ashirin da biyu ina noman rani. Abin da yak kawo ni shi ne sashe na huɗu na wagga takarda. Shinkafarmu ta fara fid da kai, saura kwana sha takwas tsuntsu shi sauka, kuma in anka zartar da sashen yadda anka rubuta shi, za mu tsaya hannu rabbana muna kallo a cinye.

Kafin in kai can, batu na farko: muna goyon bayan doka. Abin da takarda ta kira kayan wasan wuta, mu kuma muke ce ma nokawut, a hana baje shi kasuwa, a hana kunna shi wurin biki da suna da Sallah da taron siyasa. Ba mu da ja ko kaɗan. Ƙasar nan ba ƙasar da za a yi wasa da ƙara ba ce yanzu. Kowa nan ya san abin da zuciyarsa ke yi in yaj ji tas! bayan gida. Ango na iya kai amaryarsa ɗaki da kalangu da guɗa, yadda anka kai uwayenmu. Ɗan takara ma, in har jama'a na son shi, tafi ya ishe shi.

Batu na biyu, shi ne sashe na huɗu, inda anka ce an hana kunna shi ko'ina, ko yaushe, kuma ko don wane dalili. Wanda yar rubuta wanga sashe, Allah shi saka mishi da alheri, niyyarsa mai kyau ce. Amma ina kyautata zaton cikin kwano yas san shinkafa.

Ya ku jama'a, akwai tsuntsun da muke ce ma jan-baki. Bai kai ɗan yatsa biyu girma ba, amma ba shi zuwa shi kaɗai. Lokacin da ƙwaya ke da ruwa-ruwa, ba ta ƙosa ba, lokacin ne garkensa ke sauka, da hantsi da kuma bayan la'asar. Ba ci kaɗai yake yi ba, tsotsewa yake. Ka baro gonarka da safe shar da ita, ka koma da yamma ka iske kan shinkafa tsaye, fari fat, babu komai ciki. Mun ja igiya mun rataya gwangwanaye, ya saba. Mun kafa mutum-mutumi mun sa mishi tsohuwar riga, ya hau kansa ya zauna. Muna jifa da majajjawa har kafaɗa ta sage. Abin da ke tashin garke duka lokaci guda, shi kai shi nesa har mutum shi samu shi yi salla, wagga ƙara ce. Mako ukku kacal muke bukatarta a shekara. In babu ita, abin da za a koma shi ne a kwashe yara daga makaranta a jera su bakin kunya suna ihu tun safe, kuma malaman makaranta da ke nan sun san haka ake yi da.

Batu na ukku ya fi mini nauyi, amma ba zan roƙe ku komai ba sai na faɗe shi.

Da yawanku kun tuna Talatar bara da anka watse daga fadama. An ambace ta ma ɗazu, an ce wasu marasa hankali ne sunka kunna nokawut. Ba wasu ba ne, mutum guda ne, kuma shi ne tsaye gabanku.

Ga yadda abin yat tafi. Ƙauyukanmu na da yarjejeniya da 'yan sintiri: in anka ji harbi ukku a jere, babu tsayawa tambaya, kowa shi bar abin da yake yi shi nufi gari. Ina zaune anka yi wagga yarjejeniya, da bakina na ce na yarda. To, ranar nan tsuntsu ya kai ni maƙura. In na kunna ɗaya, sai su tashi su yi kewaye su dawo kafin in juya. Raina yaɓ ɓaci. Sai niɗ ɗaure guda ukku da zare, niƙ ƙyasta ashana, nij jefa. Wallahi tsuntsu kaɗai ke cikin kaina. Sai da ta ukku ta tashi sannan nit tuna.

Kafin in buɗe baki fadama ta yamutse. Mutane sun zubar da fartanya da takalma. Ina ihu ina cewa ni ne, ni ne, amma wa zai tsaya sauraren mai ihu ranar gudu? Masu waya sunka buga ma 'yan'uwansu nan kasuwa. Alhaji Gajere, dillalin shanu, ga shi can zaune, ya gaya mini sai da yak kwana biyu shina tattara bisashensa da sunka tsinke daga kara. Mahauta sun bar nama bisa tebur. Wannan duka an mayar, wasu ma yanzu dariya suke yi in anka tuna.

Wanda ba a mayar ba shi ne na Inna Marka. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, ta haura saba'in, gidanta ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki. Tana cire ciyawa gonar ɗanta ranar. Ta zo ƙetare hanyar ruwa ta siminti da gudu, santsi yak kwashe ta, ƙugunta yak karye. An kai ta asibiti, an kai ta wurin maɗori. Yau wata goma sha ɗaya ba ta taka ƙasa ba. Da safe a ɗauko ta a aje inuwar bakin ƙofa, da yamma a mayar.

Na yi shiru wata da watanni, don kunya da tsoro. Da manoma sunka ce ni zan zo nan, sai nig ga ba ni iya tsayawa gaban uwayen ƙasa in roƙi izinin abin da yan naƙasa tsohuwa, ita kuwa ba ta san wanda yay yi ba. Shekaranjiya nit tafi, nid durƙusa, munka gaisa.

Nic ce, "Inna, na zo in gaya miki wata magana."

Tac ce, "In ta nokawut ta, ka makara. Tun ranar nis san kai na. Daga gonarka hayaƙi yat tashi, ina kwance cikin ruwa ina ganin shi."

Nic ce, "Inna, mi yah hana ki faɗi?"

Tac ce, "In hwaɗi a yi maka mi? A karya naka ƙugun a ba ni?"

Can nig gaya mata zancen doka, da abin da anka aike ni roƙo, nic ce in ta ce kar in je, ba ni zuwa.

Tac ce, "Mamuda, kai dai ba ka da wayo tun kana yaro. In tsuntsu yac cinye shinkahwa, jikokina mi za su ci? Ku buga abinku. Amma ku riƙa hwaɗi. Da an hwaɗa min, da ina nan duƙe ina aikina."

Masu girma kansiloli, gyaran da muke roƙo daga bakin wagga tsohuwa munka ɗauko shi, mun dai ƙara mishi tsari ne. A bar hani yadda yake ga kowa, amma a buɗe ma manomin shinkafa ƙofa ƙarama ta mako ukku. Kar a sayar kasuwa; a aje hannun sarkin noma na kowane yanki, shi ba wanda yas sani da gonarsa. Liman shi yi sanarwa bayan sallar asuba cewa yau za a buga fadama kaza. Mai bugawa shi kafa jan ƙyalle bisa dogon gora, wanda za a hango daga gari. Daga fitowar rana zuwa hantsi, daga la'asar zuwa kafin magariba, ban da haka babu. Kuma ɗaya-ɗaya. Wanda yab buga biyu a jere, balle ukku, a karɓe izininsa, a hukunta shi yadda doka ta ce, mu manoma mu ne za mu fara kawo shi.

Muna kuma roƙo a hanzarta. An ce majalisu za su zauna ƙarshen wata mai zuwa. Tsuntsu ba shi jiran zaman majalisa. In hukuncinku i ne, muna son mu ji shi kafin kwana sha takwas. In a'a ne, shi ma muna son mu ji, kuma na yi alkawari da sunan waɗanda sunka aiko ni cewa za mu bi, ba za a kama ɗayanmu da shi a ɓoye ba.

Saura abu guda, wanda ban shawarci kowa ba kansa, har ɗiyana. In kunka amince, anka zo rubuta sunayen waɗanda za a ba izini, kar a sa nawa. Ba don an hukunta ni ba, babu wanda yah hukunta ni. Gonata ce mafi kusa da ƙofar da ake aje Inna Marka, taku arba'in ne tsakani. Ta ce in anka faɗa mata ba ta jin tsoro, kuma na yarda da ita. Amma jikarta Taibatu ta raka ni bakin hanya, tac ce mini ko murfin tukunya yaf faɗi, tsohuwa na yunƙurin tashi ta gudu, sai ƙugu shi mayar da ita, ta yini tana nishi. Don haka gonata ba za a sake jin ƙara cikinta ba muddin tana raye. Zan tsaya da igiya da majajjawa. Abin da tsuntsu yab bari, shi ne rabon gidana bana.

Allah shi ba Inna Marka lafiya, shi yafe mini abin da nij jawo mata. Allah shi ba shugabanninmu basirar yanke abin da zai amfani talakawa. Allah shi tsare amfanin gonarmu, shi sa albarka ga kasuwanninmu da dabbobinmu. Allah shi kawo muna zaman lafiya a Mafara da Bakura da Maradun da Zamfara baki ɗaya, shi mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kunka saurare ni. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.