Akwatin Gindin Tsamiya

A rumfar mai faci a Ƙofar Sauri, wani Alhaji ya kama ɗan acaba yana koya masa gyaran zaɓe, kyauta.

"Kamata ya yi kowa ya yi zaɓe inda yake zaune. Kai ina akwatinka?"

"Gindin tsamiya a ƙauyenmu, Alhaji. 'Yan bindiga sun tashe mu, ko kaza babu."

"To ka gani! Je ofishin zaɓe, su maido da katinka birni."

"Na je har ƙofa, na juyo."

"Layi ya kore ka?"

"A'a. Gona ta tafi, gida ya tafi, sunana kaɗai ya saura can. In na ɗauko shi, Alhaji, ai na yarda ke nan ba za mu koma ba."