Ciwon 'Ya'yan Ƙoshi

A ɗakin jiran wani asibiti a birnin Lowell, can nesa da ƙasar iyayenta, Chanthou ta lura mutumin da ke gefenta ɗan Kambodiya ne irinta.

"Hawan jini ne, Yaya?" ta tambaye shi.

"Da rashin barci. Amma tsohuwata ta ce wanda bai ci ƙadangare a zamanin mulkin kisa da yunwa na Khmer Rouge ba, bai isa ya yi ciwo ba."

Chanthou ta yi dariya. "Taka mai sauƙi ce. Na ce wa tawa ƙirjina na zafi, ta ce ita ta binne 'ya'ya uku, kuma washegari ta fita gona."

"Ke 'yar gata ce, har labari ake ba ki. Ni tun ina yaro kukanta kawai nake ji ta bango. Gari na wayewa ta tula min shinkafa kamar ragon da ake kiwo."

"Kana cinyewa?"

"Wa ya isa ya rage?" Ya shafa tumbinsa.

Aka kira sunanta, ta miƙe.

"Me za ki ce wa likita?" in ji shi.

"Lafiya lau mana. Mu da aka haifa bayan an gama komai, me zai same mu?"