Ƙasar Filin Dugabau

A tashar Kabo, wani fasinja ya dubi ledar da dattijon da ke kusa da shi ya rungume.

"Baba, gero ne?"

"Ƙasa ce. Gobe ɗana Haladu zai yi kokawar ƙarshe a Kano. An ce a kan katifar roba ake yi."

"Ai ci gaba ne, Baba. Ga fitilu, ga kujeru."

"Mu a Dugabau sai bayan girbi, da la'asar, ganga na tashi, ƙasa da ɗuminta. Ba ka kama mutum sai ka murza ta a tafinka."

"To, ku nemi a dawo da wasan can mana."

Dattijon ya jima yana shafa ledar.

"An yanka filin, an yi shaguna. Wannan ma a bayan shagon mai caji na ɗebo ta."