Makullan da Aka Tsinta

A rumfar mai wankin hula da ke Ƙofar Na'isa, Malam Ɗalha na jiran hularsa, yana ta juya wasu makullai a hannu. Wani matashi mai farar shadda da ke gefensa ya kasa haƙuri.

"Baba, shago nawa gare ka haka?"

"Ko ɗaya. Tsintar su na yi a bakin titi. Yanzu haka wani bawan Allah na can yana zagaye ƙofar shagonsa."

"To ka kai wa 'yan sanda mana."

Malam Ɗalha ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, me na yi maka? In shiga da ƙafata, a ce ina shagon, ina kayan ciki? Bari dai la'asar ta yi, liman ya yi cigiya."

"Haba Baba, ai an daina wannan. Har kujera za a ba ka, a yi maka godiya."

"Kai ka taɓa shiga?"

"Kullum. Can nake aiki. Sajan Mailafiya."

Malam Ɗalha ya kai hannu zai gyara hula, ya ji kai ba komai. "Yallaɓai, ai dama akwai na kirki a cikinku. Ga shi na gani."

"To kawo in kai."

"Tsaya tukuna. Tsakaninka da Allah, ranar da naka makullan suka ɓata, ina za ka fara zuwa nema?"

Sajan ya fashe da dariya.

"A wane masallaci za a yi cigiyar, Baba? Tashi in raka ka."